Mudun Auna Karatun Yara: Hannun Wa Ya Dace Da Shi?

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya tsaya gaban allo ya san cewa tambayoyi biyu ake yi game da ɗalibi, kodayake sau da yawa akan haɗe su a ɗauke su tamkar tambaya guda. Ta farko ita ce, ina yaron nan ya kai a karatunsa? Ta biyu kuwa ita ce, daga ina ya taso kafin ya kai inda yake? Alal misali, yaron da ya shigo aji da maki 30 ya fita da 48 ya faɗi jarrabawa idan makin ci 50 ne, amma duk mai adalci ya san an yi aiki a kansa. Wanda ya shigo da 75 ya fita da 76 kuwa ya ci, har a tafa masa, alhali shekarar ta wuce shi kusan a banza. Na shafe shekaru ina duba takardun jarrabawa a jami'a, kuma har yau ban daina jin nauyin wannan bambanci ba a duk lokacin da na ɗauki jan biro.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata doka da Majalisar Dokokin Jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka ta zartar a shekarar 2024, wadda Gwamna Glenn Youngkin ya sa wa hannu. Dokar gajeriya ce. Ta umarci hukumar ilimi ta jihar da ta ƙyale hukumomin makarantu na gundumomi su yi amfani da jarrabawoyin da suka zaɓa da kansu a madadin jarrabawar auna ci gaban ɗalibai da jihar ta tsara, a shekarun karatu biyu, wato daga 2024 zuwa 2026, muddin abin da suka zaɓa ya dace da manhajar jihar. Ni dai a ganina 'yan majalisar sun yi daidai. Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi, kuma domin mai karatu ya fahimci sharaɗin, wajibi ne mu ɗan koma baya mu ga yadda aka iso nan.

A watan Janairu na 2002 ne Shugaba George Bush ya sa hannu a kan dokar nan da aka yi wa laƙabi da "Kada a Bar Wani Yaro a Baya". Dokar ta tilasta wa kowace jiha ta riƙa yi wa yara jarrabawar iya karatu da ta lissafi a kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, wanda ya yi daidai da firamare uku zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare a tsarinmu, sannan a sake yi musu sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kuma ɗora wa makarantu burin cewa zuwa 2014 kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa. Niyyar mai kyau ce, domin an tilasta wa makarantu su fito da sakamakon 'ya'yan talakawa da na baƙar fata da na masu koyon Ingilishi daban, kada a ɓoye su a cikin jimilla. Amma dokar tambayar farko kaɗai take yi. Makarantar da ke unguwar masu hali tana tsallakewa ko da ba ta ƙara wa yaran komai ba, ta unguwar marasa galihu kuwa a yi mata tambarin gazawa ko da malamanta sun yi aikin shekara biyu a cikin shekara ɗaya.

Wannan rashin adalci ne ya ba tunanin auna ci gaba ƙarfi. Tun farkon shekarun 1990 wani masanin ƙididdiga mai suna William Sanders ya ƙirƙiro wa Jihar Tenesi hanyar lissafa abin da makaranta ta ƙara wa yaro daga shekara zuwa shekara, jihar kuma ta shigar da ita cikin dokarta a 1992. A ƙarshen 2005 Sakatariyar Ilimi ta tarayya, Margaret Spellings, ta buɗe ƙofar gwada irin wannan tsari, kuma a 2006 aka amince wa Tenesi da Karolina ta Arewa su fara. Da gwamnatin Barack Obama ta zo, sai ta ware dala biliyan 4.35 a 2009 domin gasa tsakanin jihohi, kuma daga cikin abubuwan da ke sa jiha ta sami kuɗin har da ɗaura hukuncin aikin malami a kan ci gaban makin ɗalibansa. Daga nan ne ma'aunin da aka ƙirƙiro domin yi wa makaranta adalci ya zama bulala a bayan malami.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 2014 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi, inda ta nuna cewa yawancin binciken da aka yi ya gano kashi 1 zuwa 14 cikin 100 ne kawai na bambancin makin ɗalibai za a iya jingina wa malami. A birnin Houston na Jihar Teksas malamai suka kai hukumar makarantunsu kotun tarayya, domin ana hukunta su da wani lissafi mallakar kamfani wanda ba su da hanyar tantance sahihancinsa, kuma a 2017 hukumar ta yi sulhu, ta amince ba za ta kori malami da irin wannan maki ba matuƙar ba za a iya tantance shi ba. Tun kafin wannan ma, birnin Atlanta na Jihar Jojiya ya nuna wa duniya inda matsin lamba a kan maki yake kai mutane. Rahoton binciken da jihar ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗin jarrabawa, har da goge amsoshin yara ana gyarawa, kuma a 2015 kotu ta sami mutum 11 da laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Disamba na 2015 Obama ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara a matsayin wajibi, amma ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za su yi da sakamakon.

Ita kuwa Bajiniya tana da jarrabawarta ta ƙarshen shekara da ta fara yi tun 1998, wadda aka gina a kan manhajar jihar. A 2014 majalisarta ta soke biyar daga cikin jarrabawoyin firamare da ƙaramar sakandare, ta ce gundumomi su maye gurbinsu da nasu gwaje-gwajen. Sai annobar korona ta zo ta rufe makarantu a 2020, hankalin kowa ya tashi game da abin da yara suka rasa. A 2021, zamanin Gwamna Ralph Northam, majalisar ta kafa dokar da ta wajabta auna ci gaban yara 'yan aji 3 zuwa 8 a iya karatu da lissafi a cikin shekara, wato a farkon shekarar karatu da tsakiyarta da ƙarshenta. A kwamfuta ake yin jarrabawar, kuma tana bin sawun yaro: in ya amsa daidai ta ƙara masa wuya, in ya kuskure ta sassauta, har ta gano inda ƙarfinsa ya tsaya.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Matsalar ita ce da yawa daga cikin gundumomin jihar sun daɗe da nasu ma'aunin da suka saya suka kuma horar da malamansu a kai, kamar jarrabawar nan mai suna MAP. Sai ya zamana yaro ɗan shekara 9 yana zaman jarrabawar gunduma, ya tashi ya zauna wa ta jiha, duk a kan darasi ɗaya kuma a zango ɗaya. Malamai suka yi ta kukan cewa kwanakin koyarwa na tafiya, kuma abin da ke dawo musu daga jarrabawar jihar bai isa ya gaya musu abin da za su gyara a aji ba. Wannan kuka ne dokar 2024 ta amsa. Ya kamata a lura cewa dokar ba ta taɓa jarrabawar ƙarshen shekara ba, domin wannan tana ƙarƙashin sharuɗɗan dokar tarayya. Gwajin farkon shekara da na tsakiyarta ne aka sakar wa gundumomi mara a kansu.

A nan ne nake ganin hikimar abin. Uwargida tana da kwanon da take auna tsaba da shi a ɗakin girkinta, ta san kwano nawa ke ciyar da gidanta, kuma babu mai hankalin da zai ce sai sarkin kasuwa ya zo ya zaɓar mata kwano. Amma ranar da za ta kai hatsi kasuwa, mudun da kowa ya yarda da shi za a ɗauko. Gwajin cikin shekara kwanon gida ne, amfaninsa shi ne malami ya san inda yaro ya tsaya tun da sauran lokacin gyara. Jarrabawar ƙarshen shekara ita ce mudun kasuwa, da ita iyaye da gwamnati da masu biyan haraji ke kwatanta wannan makaranta da waccan. Kuskuren dokar 2021, a fahimtata, shi ne ta ɗauko mudun kasuwa ta shigar da shi ɗakin girki sau uku a shekara.

Bugu da ƙari, gundumomin makarantu na Bajiniya sun haura 130, kuma bambancin da ke tsakaninsu kamar na sama da ƙasa ne. Gundumar Fairfax da ke daf da birnin Washinton tana da ɗalibai kimanin 180,000, yayin da gundumar Highland da ke cikin duwatsu ɗalibanta ba su wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba. A makarantun Fairfax za ka tarar da yaran da harshen gidansu Sifaniyanci ne, ko Larabci, ko Amharik, ko harsunan Afganistan. A Highland kuwa malami ya san kowane yaro da iyayensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Zai yi wuya ma'auni guda da jadawali guda su biya buƙatar wuraren nan biyu daidai wa daida.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, wannan batu na harshe shi ya fi ɗaukar hankalina. Kowace jarrabawa jarrabawar harshe ce kafin ta zama ta wani darasi. Yaron da ya iya rabawa da ninkawa yana iya faɗuwa lissafi saboda an naɗe tambayar a cikin doguwar jimla mai sarƙaƙiya da bai warware ba. Masanin nan na ƙasar Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da nuna cewa yaron da ya shigo sabuwar ƙasa yakan kama harshen hira cikin kimanin shekara 2, amma harshen karatu yakan ɗauke shi shekara 5 zuwa 7 kafin ya kamo tsaransa. Irin wannan yaro ma'aunin ci gaba ne kaɗai ke yi masa adalci, tunda ma'aunin ƙwarewa zai yi ta kiransa kasasshe shekara da shekaru. Haka kuma iya karatu ba abu guda ba ne. Akwai haɗa sauti da harafi, akwai karantawa ba tare da gargada ba, akwai yawan kalmomin da yaro ya sani, akwai kuma fahimtar abin da aka karanta. Lamba ɗaya tak ba za ta gaya wa malami a wanne daga cikin waɗannan yaro ke ɗingishi ba. Gundumar da ke cike da masu magana da Sifaniyanci tana da hujjar zaɓen ma'aunin da ke da bugu a wannan harshe, domin ta bambance yaron da bai iya lissafi ba da wanda Ingilishi ne ya tare masa hanya.

To, amma ba zan ɓoye wa mai karatu cewa masu adawa da wannan sassauci suna da hujjoji masu nauyi ba. Ta farko ita ce ta kwatance. Ci gaba ba ya aunuwa sai da ma'auni ɗaya a farko da ƙarshe. Idan yaro ya fara shekara a gundumar da ke amfani da wannan jarrabawa, ya koma wata mai amfani da waccan, to igiyar ta tsinke, kuma Bajiniya jiha ce mai yawan iyalan sojoji, musamman a yankin Norfolk inda babban sansanin sojan ruwa yake, waɗanda ƙaura ta zame musu jiki. Ta biyu ita ce ta kuɗi. Hukumomin makarantu a Bajiniya ba su da ikon ɗora haraji, abin da majalisar gunduma da jiha da tarayya suka ba su shi suke kashewa. Gunduma mai arziki za ta sayi ma'auni mai kyau ta horar da malamai, matalauciya kuwa ta tsaya a kan abin da ya samu. Ta uku ita ce ta 'yan kasuwa. Ƙungiyar NWEA da ta ƙirƙiro MAP ta daɗe a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, amma a 2023 kamfanin buga littattafan makaranta na HMH ya saye harkarta. Ke nan ikon da aka ce an miƙa wa gunduma yana iya zarcewa hannun mai talla.

Hujja ta huɗu ta fi sauran ɗaci, domin ta tarihi ce. A cikin wannan jiha ta Bajiniya ne, bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launin fata a makarantu a 1954, mahukuntan gundumar Prince Edward suka gwammace su hana kuɗin makarantun gwamnati baki ɗaya da su haɗa yara baƙaƙe da farare a aji guda. Makarantun suka zauna a rufe daga 1959 har 1964, lokacin da Kotun Ƙoli ta sake shiga maganar. An buɗe wa 'ya'yan fararen fata makaranta mai zaman kanta, da yawa daga 'ya'yan baƙaƙe kuwa suka yi shekaru ba su ga allo ba. Da sunan 'yancin gunduma aka aikata wannan. Saboda haka duk wanda ya ji ana cewa a bar wa mutanen gida, ya kuma ji gabansa ya faɗi, yana da dalili. Kusanci da jama'a ba ya tabbatar da adalci ga raunanan cikinsu, har a Atlanta ma wani ɓangare na matsin da ya haifar da maguɗi daga shugabannin hukumar makarantun birnin ya fito.

Ita kanta jihar ba ta fi ƙarfin son zuciya ba. A 2019 da 2020 hukumar ilimi ta Bajiniya ta sassauta makin da ake buƙata domin cin jarrabawar lissafi da ta iya karatu. Amma da sakamakon jarrabawar ƙasa baki ɗaya ya fito a 2022, wadda babu jihar da ke da iko a kanta, sai aka ga matsakaicin makin 'yan aji 4 na jihar a iya karatu ya sauka daga 224 a 2019 zuwa 214. Annoba tana da nata kason a wannan faɗuwa, amma darasin a bayyane yake: wanda ake aunawa bai kamata ya zama shi kaɗai ke riƙe da mudu ba, ko gunduma ce, ko jiha.

Wannan ya kawo ni ga sharaɗin da na ambata tun farko, kuma kashi huɗu ne. Na ɗaya, jarrabawar ƙarshen shekara ta zauna guda ɗaya ga kowa, a hannun jiha, a kuma ci gaba da fito da sakamakon 'ya'yan talakawa da masu koyon Ingilishi da masu buƙata ta musamman daban-daban. Na biyu, cewa ma'auni ya dace da manhaja kada ya tsaya a fatar baki ko a takardar tallan kamfani, sai masana masu zaman kansu sun duba sun tabbatar. Na uku, gundumar da ba ta da hali a tallafa mata, domin zaɓin da ba ka da kuɗin yi ba zaɓi ba ne. Na huɗu, wanda na fi ba muhimmanci, kada a ɗaura albashin malami ko ƙarin girmansa ko korarsa a kan gwajin cikin shekara. Ranar da aka yi haka, malami zai fara fatan yara su yi rauni a farkon shekara domin ci gabansu ya yi armashi a ƙarshenta, kuma daga ranar ma'aunin ya daina faɗin gaskiya. Na kuma yaba da yadda majalisar ta ƙayyade wa dokar wa'adin shekara biyu, domin dokar da ta shafi yara gara a gwada ta a duba sakamakonta kafin a dawwamar da ita.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mu da rigimar wata jiha a Amurka? Abin da ya haɗa mu shi ne mu ma muna da hawa uku a harkar ilimin firamare tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004: hukumar tarayya, hukumomin jihohi, da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muhawarar abin da za a sakar musu da abin da za a riƙe ta taso gadan-gadan. Mu ma muna da makin gwaje-gwajen cikin zango da malami ke bayarwa, wanda duk mun san yadda yake kumbura a wasu wurare da zarar an ce zai shiga sakamakon ƙarshe. Abin da Bajiniya ta koya bayan shekara 20 da ɗoriya tana gwaji da gyara zai iya rage mana wahala, in mun so.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana malamai da masu tsara manufofin ilimi da su riƙa tambayar kowace jarrabawa abu ɗaya kafin su ɗora ta a kan yara: wa za ta yi wa amfani, kuma me zai yi da sakamakonta? In malami ne zai gyara koyarwarsa da ita, a bar shi da hukumar da ke kusa da shi su zaɓa. In kuwa jama'a ne za su yi wa makaranta hisabi da ita, to a ɗauke ta daga hannun wanda za a yi wa hisabin. Yaron nan da ya taso daga 30 ya kai 48 yana da haƙƙin a ga ƙoƙarinsa, yana kuma da haƙƙin a gaya wa iyayensa gaskiya cewa da sauran tafiya a gabansa.